Daga Kamu Zuwa Mita: Yadda Sabon Awo Ya Shigo Aji da Kasuwa

A ƙananan makarantun sakandare na Najeriya, darasin awo na cikin abubuwan farko da ɗan aji ɗaya yake cin karo da su a kimiyya. Malam zai rubuta a allo: milimita 10 santimita 1, santimita 100 mita 1, mita 1,000 kilomita 1. Yara su yi ta amsawa da ƙarfi har ya zauna musu. Amma yaron da ke rera wannan jeri, da safen nan aka aike shi awon gero mudu biyu, yayarsa ta kai wa tela atamfa yadi shida, mahaifinsa kuma yana cinikin fili mai ƙafa 50 da ƙafa 100. Awo iri uku ke nan a gida ɗaya, kowanne da zamanin da ya kawo shi. Akwai na kaka da kakanni, akwai wanda Turawan Ingila suka bari, sai kuma na Faransa wanda ya zama na duniya. Wannan na ukun shi ne auta a Najeriya, domin bai fi shekara hamsin da 'yan kai ba da zama dole a doka.

Awon farko a jikin mutum yake. Masaƙi da mai sayar da ƙyalle suna auna da kamu, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa. Ƙaramin abu ana bin sa da taƙi ko ɗani, wato tazarar yatsu idan an ware su. Mai haƙa rijiya yana lissafi da gaba, tsawon hannuwa biyu a buɗe, kuma daga nan ne aka sami kirarin da ake yi wa mai zurfin ilmi, rijiya gaba dubu. Fatake ba su damu da tsawon hanya ba sai da kwanakinta, suna ƙirga zango nawa ne tsakanin Kano da Gwanja. Sauran kaya kuwa kowanne da nasa ma'auni: goro da ƙwarya, ɗari cif, dawa da gero da dami, gishirin Bilma da kantu, zinariya da misƙali. Ko kuɗin ma sai an ƙirga shi ɗaya bayan ɗaya. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya sauka Kano a 1851, ya tarar ana canza dalar azurfa ɗaya a kan wuri kimanin 2,500, manyan cinikayya kuwa da keso ake yinsu, wuri 20,000 a ƙunshi guda.

Matsalar wannan awo a fili take, kamun dogo ba kamun gajere ba ne. Amma kuskure ne a ɗauka mutanen da ba su san haka ba, ko kuwa sun bar abin kara zube.

Mudu shi ne shaida. Ya shigo ƙasar Hausa tare da littattafan fiƙihu, kuma ya zo da lissafinsa tsaf: mudun Annabi huɗu sa'i ɗaya, sa'i sittin wusƙi ɗaya, wusƙi biyar kuma shi ne nisabin zakkar hatsi. Duk almajirin da ya karanta Risala ya haddace wannan tun kafin a kafa makarantar boko ko ɗaya a Arewa. Tauye mudu kuwa laifi ne da Alƙur'ani ya keɓe wa sura guda, Suratul Muɗaffifin, don haka maganar awo ba ta taɓa zama ta 'yan kasuwa su kaɗai ba. A ƙarshen ƙarni na 15, cikin tambayoyin da Askiya Muhammadu na Songhai ya aika wa Shehu Magili, malamin da ya zauna Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, har da ta masu ha'inci a awo, malamin kuma ya ɗora nauyin hana su a kan mai mulki. A Kano akwai sarautar Korama, mai kula da ma'aunan hatsi. A Daular Sakkwato an naɗa muhtasibi, wanda sa ido a kan ma'auni na cikin aikinsa. Abin da babu shi ne mudu guda da zai yi daidai daga Katsina har Yola. Kowace kasuwa da girman kwanonta, sai ido da amana su cike giɓin: mai saye yana kallo a cika mudu ya yi tozo, mai awo ya tare gefe da hannu, a ƙarshe a ƙara gyara.

Turawan Ingila da suka ci Kano a 1903 haraji suke nema, haraji kuma yana son lamba. A shekarun farko na mulkinsu suka ɓullo da tsarin taki a ƙasar Kano. Malaman taki su bi gona suna ƙirga takunsu a tsawo da faɗi, a juya lissafin zuwa eka, a yanka wa mai gona abin da zai biya. Abin lura shi ne har yanzu jikin mutum ne ma'aunin, sai dai sakamakon ya koma takarda, manomi kuma ba shi da bakin ja da abin da aka rubuta.

Sai jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya ɓarke a shekarar da ta biyo, sikeli ya kafu a bakin tasha. Wannan babban sauyi ne, ya fi yadda ake zato. Mudu cika yake aunawa, sikeli kuwa nauyi. Manomin da ya san gyaɗarsa mudu kaza ce, sai ga shi a gaban akawu ana karanto masa laba da tan daga wani ƙarfe da bai san yarensa ba. Dalar gyaɗa da ta yi wa Kano suna da tan ake lissafa ta, kuma manyan dillalai irin su Alhassan Ɗantata sun iya harshen awo biyun, suna saye a ƙauye da wanda manomi ya sani, suna sayarwa ga kamfani da wanda Bature ya sani. Zargin da talaka yake yi wa sikeli har yau, cewa ana iya murɗa shi, ya samo tushe daga irin wannan ciniki da ɓangare ɗaya ne kaɗai yake iya karanta ma'aunin.

Makaranta ta bi sahu. Daga makarantar Ɗan Hausa da aka buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909, zuwa Kwalejin Katsina ta 1921 da elemantare da midil da suka biyo baya, yaro sai ya haddace awon Ingila kaf: inci 12 ƙafa, ƙafa 3 yadi, yadi 1,760 mil, oza 16 laba, laba 2,240 tan, yadi murabba'i 4,840 eka. Ga kuma kuɗi, kwabo 12 sule, sule 20 fam, da taro da sisi da nai a tsakani. Tambaya ɗaya ta lissafi, a ce nemo kuɗin tan kaza da laba kaza a kan fam kaza da sule kaza, tana iya sa ɗalibi ya raba da 12, ya raba da 20, ya dawo ya raba da 16. Dattawan da suka yi makaranta a wancan zamani sun fito da kaifin lissafin ka, amma shekaru suka ci kafin su kai ga abin da za a yi da lissafin.

Awon da ya zo ya sauƙaƙa wannan wahala daga irin wannan rikici aka haife shi, a wata ƙasa daban. Kafin juyin juya halin 1789, Faransa tana da sunayen ma'auni kusan 800, kuma suna ɗaya yana iya nufin girma daban a garuruwa biyu maƙwabta. Masu ƙasa ne ke riƙe da ma'aunin da ake karɓar hatsin haya da shi, manoma kuma suna kukan ana ƙara masa girma. A cikin koke-koken da jama'a suka rubuta wa sarki a wannan shekara, buƙatar ma'auni ɗaya ga kowa ta yi ta fitowa. A 1791 majalisar masana kimiyya ta ƙasar ta ba da shawarar kada a ɗauko sabon awon daga hannun sarki ko ƙafar wani, a ɗauko shi daga ita duniyar. Za a ɗauki nisan da ke tsakanin ƙuryar arewa ta duniya da layin da ya raba ta biyu, a bi ta kan Faris, a kasa shi miliyan goma. Kashi ɗaya shi ne mita.

Faɗa da baki ya fi aikatawa sauƙi. A 1792 masana taurari biyu suka fita, Delambre ya nufi arewa, Méchain ya nufi kudu, don auna tazarar Dunkerque zuwa Basalona ta Sifaniya. Suna hawa hasumiyoyin coci da kan duwatsu, suna auna kusurwa daga wannan tsauni zuwa wancan, su haɗa lissafin. Ƙasa kuwa tana cikin yamutsi. An sha tsare Delambre a ƙauyuka saboda mutane sun ɗauka kayan aikinsa na leƙen asiri ne. Méchain kuma yaƙi ya ɓarke tsakanin Faransa da Sifaniya yana can, ya maƙale. A nan ne ya gano awonsa biyu na Basalona sun saɓa da ɗan kaɗan, ya ɓoye abin, ya yi ta cin sa a rai har zazzaɓi ya kashe shi a 1804 yana ƙoƙarin ƙara tsawon awon. Aikin da aka zaci na 'yan watanni ne ya kai 1798. A 1799 aka ƙera sandar mita da dunƙulen kilo da farin ƙarfen filatinam, aka adana a Faris. Daga baya bincike ya nuna sandar ta gaza abin da aka nufa da kimanin kashi ɗaya cikin biyar na milimita, ba don kuskuren Méchain kaɗai ba, har da cewa duniyar ba ta da santsin siffar da aka zata. Ba a canza sandar ba, domin amfaninta ya riga ya koma ga kasancewarta guda ɗaya da kowa ya yarda da ita.

Su kansu Faransawa ba su karɓa da hannu biyu ba, kuma wannan ya kamata mai ganin laifin 'yan kasuwarmu ya sani. Matan kasuwar Faris sun ci gaba da tsohon awonsu, har Napoliyon ya sassauta a 1812 ya bari a yi amfani da tsofaffin sunaye. Sai da aka yi sabuwar doka a 1837, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 1840, sannan mita ya zama dole. Kusan shekara hamsin ke nan a ƙasar da ta haife shi, kuma makarantun firamare na cikin abin da ya kafa shi daga ƙarshe. Ranar 20 ga Mayu 1875 ƙasashe 17 suka sa hannu a yarjejeniyar mita, aka kafa ofishin awo na duniya a Sèvres kusa da Faris. A 1960 aka tsara shi a siffar da ake koyarwa yau, wadda littattafan kimiyya suke kira SI.

Ta wannan hanya Hausawa suka rabu gida biyu a awo. Ɗan Maraɗi ko Damagaram da ya shiga lakwal ya tarar da mita da lita da kilo tun ranar farko, domin Faransa da su ta zo. Ɗan'uwansa na Katsina ko Daura, tafiyar da ba ta kai yini ba a mota, yana fama da yadi da galan. Sunayen unguwanni sun riƙe wannan tarihi: a Kano akwai Mil Tara a kan hanyar Katsina, a Bangi ta Afirka ta Tsakiya kuwa babbar unguwar 'yan kasuwa Musulmi sunanta PK5, wato kilomita biyar daga tsakiyar gari. Duk da haka mita bai kori tsohon awo a Nijar ba. Gero har gobe da tiya ake sayensa, masu ƙididdigar farashi ne suke juya ta zuwa kimanin kilo biyu da rabi, kuma kuɗin sefa da dala ake ƙirga shi a kasuwa, faran biyar-biyar.

Najeriya ta juya ne a farkon shekarun 1970, zamanin Janar Yakubu Gowon, bayan ita Ingila da kanta ta bayyana a 1965 cewa za ta koma mita. Sauye-sauyen suka zo a jere. A 1971 aka kafa hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasa. Ranar 2 ga Afrilu 1972 motoci suka koma bin hannun dama kamar na maƙwabta. Ranar 1 ga Janairu 1973 naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule, kwabo 100 naira ɗaya, naira biyu fam ɗaya. Sai dokar awo da ma'auni ta 1974, wadda ta ɗora ciniki a kan mita da lita da kilo. Alamun hanya suka koma kilomita, gidajen mai suka koma lita.

Nauyin koyar da sabon awon a kan malamin makaranta ya faɗa, kuma ya faɗa a lokacin da makarantu suke cika maƙil. Shirin ilmin firamare kyauta na 1976 ya kwararo da miliyoyin yara aji, aka yi ta horar da malamai cikin gaggawa, da yawansu kuma da inci da laba suka yi nasu karatun. Ƙungiyar malaman kimiyya ta ƙasa, STAN, wadda aka kafa a 1957, ta fitar da littattafan haɗaɗɗiyar kimiyya da suka sa awo a sahun gaba, kuma tsarin 6-3-3-4 da ya fara aiki a 1982 ya mai da wannan darasi na kowane ɗan ƙaramar sakandare. Rular ɗalibi ta zama hoton zamanin: gefe ɗaya santimita 30, ɗaya gefen inci 12.

Abin da ya sa masu kimiyya suke son wannan awo ba sauƙin ninkawa da goma kaɗai ba ne. Sassansa a ɗaure suke da juna. A ƙera akwati mai santimita 10 a tsawo, 10 a faɗi, 10 a zurfi, abin da zai ci shi ne lita ɗaya. A cika shi da ruwa, nauyin ruwan kilo ɗaya ne, in ban da ɗan bambancin da zafi ko sanyi ke kawowa. Yaron da ya yanka kwali ya haɗa wannan akwati da hannunsa, ya ga ledar ruwa biyu masu santilita 50 sun cika shi, ya riƙe abin da ba zai manta ba: tsawo da cika da nauyi duk daga tushe ɗaya suke. Daga nan tankin ruwa mai lita 1,000 ya daina zama lamba kawai, ya zama mita ɗaya ta kowane gefe, nauyin tan guda.

Abin takaici shi ne a makarantu da yawa ba a kai wa nan. Aji mai yara fiye da ɗari, babu silindar awo, babu sikeli, sai allo da alli, dole darasin ya koma hadda. Ana samun ɗalibin da zai juya kilomita 3.5 zuwa mita ba tare da ya yi tuntuɓe ba, amma a ce ya nuna tsawon mita da hannunsa sai ya tsaya. Wannan ba laifin yaron ba ne, kuma ba gazawar harshensa ba ce. An koya masa sunayen ma'auni ne ba a ba shi abin da zai auna ba. Malaman da suka fi cin nasara su ne waɗanda ba sa jiran ɗakin gwaji: tef ɗin tela, sirinji marar allura daga kemis, gorar ruwa mai rubutun santilita a jiki, da sikelin mai nama na aro. Mafi armashi shi ne a sa yara su zo da mudu daga gidaje uku, a cika kowanne da ruwa a juye a gora mai awo. Da wuya su zo daidai. A sake cika mudu ɗaya da gero, sannan da gyaɗa mai ɓawo, a ɗora a sikeli. Cika ɗaya, nauyi daban. A cikin minti arba'in yara sun ga dalilin da ya sa aka ƙirƙiro mita, sun kuma fahimci abin da ya rikita kakanninsu a bakin tashar jirgi.

Idan aka duba inda sabon awon ya kama ƙasa a cikin shekarun nan hamsin, za a ga duk inda ya zauna da kayan aikinsa ya zo. Famfon gidan mai ya koya wa direba lita. Buhun siminti da na takin zamani sun koya wa magini da manomi kilo 50. A kasuwar Dawanau, riɗin da za a fitar waje da kilo da tan ake cinikinsa, alhali a layin gaba mai sayen abincin gida da kwano yake awo. Asibiti ya fi kowa tasiri: ana ɗora jariri a sikeli a rubuta kilo, ana ba da maganin yara da mililita gwargwadon nauyinsu. A yankunan Maraɗi da Katsina da Jigawa, inda tamowa ke addabar yara, an koya wa iyaye mata da ba su taɓa shiga aji ba amfani da ɗan tef mai launi uku da ake zagaya damtsen yaro da shi. Idan ya gaza santimita 11.5 ya shiga ja, sai a garzaya asibiti.

Inda kayan aikin bai canza ba kuwa, awon ma bai canza ba. Tela yana auna wuya da hannu da inci saboda haka maigidansa ya koya masa, atamfa kuma da yadi take zuwa. Mai aikin famfo yana neman bututu inci ɗaya, kafinta yana sayen katako biyu da huɗu, dillalin fili bai san wani abu mita 15 da mita 30 ba ko da shi ne a rubuce a takardar safiyo. 'Yan bumburutu suna sayar da mai da galan, amma galan ɗin nasu lita huɗu ne, ba 4.5 na Ingila ba. A kara kuwa ana iya jin ana ciniki da jaka, naira 200, wadda asalinta fam 100 ce ta kuɗin da aka daina bugawa tun 1973.

Shi kansa mita bai tsaya wuri ɗaya ba. Tun 1960 ba sandar ƙarfe ce ke fayyace shi ba, daga 1983 kuma nisan da haske yake ci ne a cikin kashi ɗaya daga 299,792,458 na daƙiƙa. Dunƙulen kilo na Sèvres, wanda aka amince da shi a 1889, shi ma ya sauka daga matsayinsa ranar 20 ga Mayu 2019, aka ɗaure kilo da wata tabbatacciyar lamba ta kimiyyar fiziks. Duk littafin da aka buga kafin wannan rana yana cewa kilo wani ƙarfe ne da ke ajiye a Faransa, ya zama tsohon labari.

Malaman fiƙihu ma sai da suka shiga wannan lissafi. Nisabin zinariya, misƙali 20, yanzu giram 85 ake faɗarsa. Wusƙi biyar na hatsi, Shehu Yusuf Ƙardawi ya ƙiyasta shi da kimanin kilo 653 na alkama. Duk ƙarshen azumi kuma tambaya ɗaya ce ke cika shirye-shiryen fatawa a rediyo, wato sa'in zakkar fidda kai kilo nawa ne. Amsoshin sukan faɗa tsakanin kilo biyu da 'yan kai zuwa uku, masu sauraro su ɗauka malamai ne suka saɓa. Galibi hatsin ne ya saɓa, domin sa'i cika yake aunawa, kuma sa'in shinkafa ya fi sa'in garin rogo nauyi. Shi ya sa malamai da dama suke ce wa mai tambaya ya nemi mudun Annabi ya auna sau huɗu, ko ya cika tafin hannu biyu na matsakaicin mutum sau huɗu, sannan idan yana so ya ɗora abin da ya samu a sikeli.